Tuluna Arba'in da Ba Su Yi Gumi Ba

Ranar Asabar da ta wuce wasu samari uku suka zo wurin aikina, biyu ɗaliban jami'a, na ukun ɗan maƙwabcina haifaffen nan Madina, wanda yake jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Tun da aka fara kawo baƙi su ga sana'o'in da, ba ma rabuwa da irinsu. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Bakatsine, ya tsaya yana kallona ina ɗaga wuyan tulu a kan daulab, wato faifan nan da ake juyawa da ƙafa. Bai yi minti biyu ba ya ce, "Baba, ai wannan ko ni sai in yi." Na tashi na ba shi wuri. Ya naɗe hannun riga, ya shuri faifan da ƙarfinsa, curin yumɓun ya yi tsalle ya manne a ƙirjin abokinsa mai ɗaukar hoto. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da suka tafi sai na ga ya kamata in rubuta wa irinsu abin da ke cikin sana'ar nan, domin juya faifai shi ne mafi sauƙinta. Ni kaina babban kuskuren da na yi, bayan hannuna ya ƙware na yi shi, kuma ya raba ni da abin da na yi shekara ashirin da huɗu ina jira.

Sunana Ilyasu. Ina da shekara tara iyayena suka kawo ni ƙasar nan daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau, inda mahaifiyata take ginin tukwane da hannu. Da na kai sha bakwai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Mu'allim Bakur. Shi Mu'allim kakansa ne ya taso daga Katsina a ƙafa, ya biyo ta Sudan, shi kuwa a nan aka haife shi. Hausarsa rabi Larabci ce. Gajere ne, siriri, amma damatsansa kamar na maƙeri. Ya dubi ƙafafuna kafin ya dubi fuskata, ya ce da mahaifina, "Ɗayyib, ya yi, yana da diddige. A bar shi."

Aikin farko da ya sa ni shi ne ɗebo ƙasa. Madina ba ta cika samun ruwan sama ba, amma in ya sauka a duwatsu sai ambaliya ta biyo kwaruruka, ta bar laka mai laushi a inda ruwan ya kwanta. Ana jira ta bushe ta tsattsage kamar bayan kunkuru, sannan a je da buhuna a kwaso ɓawon sama. Mu'allim yakan gutsuri ɗan ɓawo ya sa a baki. In ya ji yashi ya yi yawa a haƙori sai ya tofar, ya ce mu ƙara gaba. Ta wajen Aƙul muke ɗebo mai danƙo, ta Wadil Aƙiƙ mai ɗan yashi, kuma ba a yin tulu da ɗaya ita kaɗai. Mai danƙo zalla tsagewa take yi a wuta, mai yashi zalla ba ta tsayawa a faifai.

Daga nan sai a jiƙa, a tace da rariya, a baza a fili har ta yi kauri, sannan a taka. Shekara uku na yi ina taka yumɓu kafin a bar ni in hau daulab. Ana takawa ne a zagaye, daga tsakiya zuwa gefe, har ƙafa ta daina jin tsakuwa. Tsakuwar farar ƙasa guda ɗaya, ko ba ta kai ƙwayar gero ba, in ta shiga jikin tulu za ta jure wuta lafiya ƙalau, sai bayan sati biyu a gidan mai saye ta kumbura ta ɓalle masa rami. A lokacin takawa ake zuba gishiri, wanda ake kawo mana daga Yanbu. Gishirin ne yake sa tulu ya fito fari, shi ne kuma yake buɗe masa ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake tsattsafowa, iska ta buge shi, na ciki ya yi sanyi. Mu gumi muke ce masa. Mu'allim yakan ce tulun da ba ya gumi bokiti ne da aka yi wa wuya.

Kayan aikin ba su da yawa: daulab, zaren yanka, ɗan katakon gyaran ciki, jiƙaƙƙen tsumma, da wata wuƙa da ta cinye har ta koma kamar tsinke. Sai tanderu mai hawa biyu, wuta a ƙasa kaya a sama, wanda muke hurawa da busassun rassan dabino daga gonakin Badar da Khaibar. Muna yin zir, wato randa, da kaskon turare, da asusun yara. Amma abin da aka san gidan Mu'allim da shi shi ne dauraƙ, tulun Madina mai dogon wuya da tsinin gindi, wanda ba ya tsayawa da kansa sai an jingina shi a mazaunin katako. Kashi biyu ake yin sa, ciki daban wuya daban, a haɗa su suna da sauran danshi. In ɗaya ya fi ɗaya bushewa ko kaɗan, a wurin haɗin zai rabu a wuta. Dauraƙ ɗari na farko da na yi, Mu'allim ya mayar da su duka cikin jiƙo.

Ni kuwa tun ina saurayi nake karanta littattafan soyayya da alhazan Kano kan zo da su cikin kaya. Ina gadin wutar tanderu ina karantawa, har shafukan suka yi baƙi-baƙi da yatsuna. Wannan ya sa nake daɗewa a kan wuyan tulu, ina ƙara masa tsawo, ina lanƙwasa masa leɓe, sai ya yi mini kama da yadda marubutan nan suke sifanta wuyan jarumarsu. Mu'allim yakan tsaya a kaina ya ce, "Ya waladi, ɗana, tulu kake yi ko amarya? Yalla, mutane ƙishirwa suke ji." Amma ya san kayana sun fi saurin tafiya a kasuwa, kuma bai taɓa hana ni ba.

Akwai abu biyu da bai taɓa sakar wa kowa ba. Na farko gwaji. Duk gashin da aka sauke, kafin kaya su fita sai ya zaɓi tuluna uku, ɗaya daga ƙasan tanderu, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga sama. A cika su da ruwa, a hau da su rufin ɗaki inda iska ke kaɗawa, daga azahar zuwa la'asar. In an yi la'asar sai ya hau, ya ɗora kuncinsa a jikin kowanne. Hannun magini ya yi kanta, ba ya faɗin gaskiya, kunci ne yake faɗa. Na biyu hatimi. Wani ɗan ƙarfen tagulla ne da bai wuce yatsa ba, na mahaifinsa, wanda ake dannawa a gindin wuyan tulu yana ɗanye. Tunda hatimi ya riga ya hau kafin gashi, duk gashin da ya faɗi gwaji farfasa shi ake yi. Sau biyu na ga an yi haka, kaya cikin tanderu guda. Saboda wannan, manoman Badar da ke sayen zir ba sa ƙwanƙwasa kayanmu su ji ƙara kamar yadda suke yi wa na wasu. Wuya kawai suke dubawa.

Da firji da robobi suka cika gari, masu wannan sana'a suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan Mu'allim maza biyu suka kama aiki a matatar mai ta Yanbu, babu wanda ya san yadda ake riƙe zaren yanka. Muka rage ni da shi da 'yan tsirarun masu saye waɗanda ruwan firji ba ya kashe musu ƙishirwa. Babbarsu ita ce Hajja Maimuna, wadda nake kira Khala, wato inna, wata dattijuwa 'yar asalin Damagaram da aka kawo ta amarya tun tana ƙarama. Mijinta kafin ya rasu yana shayar da masu buɗa-baki a ƙaramin masallacin unguwarsu, ita kuma ta ci gaba da sunansa. Duk tsakiyar Sha'aban takan aiko a yi mata dauraƙ arba'in sababbi, domin tulu in ya shekara ƙofofinsa kan toshe. Da hannunta take turara su. Takan kife kowanne a kan kasko, ta zuba mistika, wani farin ƙaro mai ƙamshi, har hayaƙin ya zauna a ciki, sannan a zuba ruwa. Wanda ya taɓa shan ruwan nan bayan wunin azumi ba ya manta shi.

Shekarar da zan ba da labarinta, azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. A farkon Rajab aka yi wa Mu'allim aikin ido, aka ce ya nisanci hayaƙi da ƙura, sai ya tafi Yanbu wurin 'yarsa ya yi jinya. Ranar tafiyar ya ciro hatimin daga aljihu ya sa mini a tafin hannu, karon farko cikin shekara ashirin da huɗu. Ya ce in riƙe har bayan sallah. In ya dawo zai tara dattawan unguwa ya danƙa mini daulab da tanderu da hatimin gaba ɗaya, shi ya huta. Ya ja mini kunne a kan tulunan Hajja, ya ce kada su wuce daren ganin wata.

Likitan da ya yi masa aikin, Dakta Nuhu, Bazazzagi ne kamar ni, saboda haka muka saba. Wata yamma ya zo tambayar lafiyar Mu'allim, ya zauna a kan kifaffiyar randa muna shan shayi, sai hira ta kai mu ƙasar Romaniya, inda ya yi karatun likita. Washegari ya dawo da kundin hotuna. Ya ce wani hutu shi da abokan karatunsa sun hau arewacin ƙasar, cikin duwatsu da dazuzzuka, sun ziyarci wasu tsofaffin gidajen ibada inda masu zuhudun Nasara ke keɓe kansu. An zane bangon gine-ginen ciki da waje, daga tushe har ƙarƙashin rufi, kuma zanen ya yi ɗaruruwan shekaru yana shan ruwa da ƙanƙara. Hotunan mutanen da ke bangon ban tsaya a kansu ba, ba namu ba ne. Shuɗin ne ya riƙe mini ido, wani irin shuɗi mai zurfi kamar na turkuɗin da ya sha bugu. Na yi ta tunanin wanda ya haɗa launin nan, ya mutu, ƙasusuwansa sun zama ƙasa, amma aikinsa bai koɗe ba.

Sai Dakta ya juya shafi ya ce, "Malam Ilyasu, ga 'yan'uwanka." Wani ƙauye ne kusa da gidajen ibadar, inda duk mai ziyara yake tsayawa. Ga dattijo a kan daulab irin nawa, bayansa kuma kantoci cike da tuluna baƙaƙe wuluk, suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu. Na tambaye shi wane fenti ne, ya ce shi ma ya tambaya, aka ce babu fenti. Da dutsen kogi ake goge su kafin su gama bushewa, sannan in wuta ta ci sai a toshe tanderun ko'ina hayaƙi ya shiga jikinsu.

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Haka mahaifiyata take yi. Ina tuna ta a inuwar rumbu da wani santsin dutse da ta gada, tana goge tukunya har sai ta ga fuskarta, in ta ciro ta daga wuta kuma ta binne ta cikin ƙaiƙayi ta fito baƙa. Kwana biyu na yi ina ganin abin a idona: dauraƙin Madina da dogon wuyansa, amma baƙi mai sheƙi, kamar baƙar kyakkyawar da aka yi wa kwalliyar sallah ta tsaya cikin farare.

Na fara da guda shida. Na samo dutse a Wadil Aƙiƙ, na goge su lokacin da yumɓun ya yi taurin fata, na gasa, na cusa ɗanyen ganyen dabino da kashin raƙumi a bakin wuta, na liƙe ƙofofin da laka. Suka fito baƙaƙe, amma gishiri ya yi musu farin dabbare-dabbare kamar makero. Karo na biyu na sake yin shida, sai na rage gishirin har kusan babu, na ƙara guga. Da na buɗe tanderun na daɗe a tsaye. A duk shekarun da na yi a sana'a ban taɓa fitar da abu mai kyan wannan ba, har yau kuma ban sake ba.

Na kai wa Dakta guda ɗaya kyauta. Bayan sati ya kira ni ya ce ruwan har haƙori yake kamawa don sanyi. Ban tambaye shi inda ya ajiye tulun ba. Daga baya na gani da idona, a falo ne, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, inda ko ruwan bokiti zai yi sanyi. Ba laifinsa ba ne, shi aikin ido ya karanta. Ni ne magini, kuma na san abin da guga da hayaƙi da rashin gishiri suke yi wa ƙofofin tulu. Na ce da kaina jikinsu ba shi da kauri, zai isa. Ban hau da ko ɗaya rufi ba. Hujjar da na ba matata Rabi ita ce ruwa zai yi musu naso ya ɓata sheƙin kafin mai kaya ta gani. Ta ce to. Gaskiyar ita ce na san amsar da rufin zai ba ni, shi ya sa ban tambaye shi ba.

Da Hajja Maimuna ta aiko a tsakiyar Sha'aban, sai na ɗauki guda na kai mata da kaina. Ta sa aka miƙa mata shi bayan labule. Na ji ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina. Na yi ta yi mata bayani, na ce irinsa ake yi a ƙasashen Turai, likita ma ya gwada, kuma masallacin marigayi zai zama na farko a Madina da ya sha ruwa a irinsa. Ta bar ni na gama.

"Bakur ya gani?"

"Khala, duba wuyan. Ga hatiminsa nan."

Na ji yatsarta tana bin wurin. Ta ce, "To, in hatimin Bakur ne, kawo arba'in."

Na kai su kwana biyu kafin ganin wata. Ta turara su da mistika kamar yadda ta saba. Ran ɗaya ga azumi na bar masallacin unguwarmu na tafi nasu don in ga abin da idona. An shimfiɗa ledar buɗa-baki, ga dabino ga burodi ga nono, tuluna kuma jere a mazauninsu tun azahar, rana ta yamma tana sheƙi a jikinsu. Mutane suka yi ta tsayawa suna kallo, wasu suna ɗaukar hoto, wani Bamisire ya tambayi inda ake sayarwa. Aka kira salla. Kowa ya ci dabinonsa, aka tsiyaya ruwa a ƙananan kofunan tagulla. Na kai nawa baki. Ruwan ɗumi ne, ba mai ɗan ɗumi ba, irin wanda ake sirka wa mai jego. Baƙin tulu ya sha rana wuni guda, bai yi gumi ko ɗigo ba.

Da farko kowa ya ci gaba da kurɓa, masu azumi ba sa raina abin da aka ba su. Sai wani tsoho da ake kira Ammi Sale, wanda ya san ni tun ina taka yumɓu, ya ɗaga kofinsa ya ce, "Ilyasu, Allah ya saka. Saura ganyen shayi da sukari." Aka yi 'yar dariya. Wani yaro ya ruga kanti ya kwaso robobin ruwa daga firji, a masallacin da ba a taɓa buɗa baki da ruwan roba ba. Na ji mutum biyu a bayana suna cewa Bakur ya tsufa, hannunsa ya tafi.

Bayan magariba na je ƙofar Hajja ba tare da an kira ni ba. Na faɗa mata Mu'allim bai taɓa ganin tulunan ba, ni na yi, ni na danna hatimin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara goma sha tara tana shayarwa da sunan mijinta, yau ne kaɗai aka ajiye kofinsa da saura. Ta tambaye ni kwana nawa farare za su ɗauka. Na ce goma sha biyu in Allah ya so. Ta ce in je in fara.

Kafin su samu, na sayo tsofaffin buhunan algarara na yayyanka, na naɗe kowane baƙin tulu, ina zuwa sau uku a wuni ina jiƙa su, buhu ya yi gumin da tulun ya kasa. Ruwan ya ɗan sauka, bai kai yadda aka saba ba. Kyan da na yi wahala dominsa kuwa ya ɓuya cikin tsumma, suka koma kamar marasa lafiya a layin asibiti. Da asuba in taka yumɓu, da hantsi in hau daulab, bakina a bushe, ruwa yana bin yatsuna.

Ran huɗu ga wata, ina cikin haɗa wuya da ciki, inuwa ta tare ƙofa. Mu'allim ne, da baƙin tabarau da sanda, ya biyo motar safe daga Yanbu. Labari ya kai masa ta bakin mutum uku. Ya amsa gaisuwata, ya ɗauki ɗaya daga cikin shida na gwaji, ya sa na cika shi, muka hau rufi. Muka zauna a 'yar inuwar bango daga azahar har la'asar, yana jan carbi. Da aka yi kira ya tashi ya ɗora kuncinsa a tulun, ya daɗe, sannan ya shafa shi da tafin hannu daga wuya zuwa gindi.

"Gugar ta yi kyau. Uwarka ta koya maka?"

Na ce kallo kawai na yi ina yaro.

"Ta yi kyau ƙwarai. Ita me take zubawa a baƙaƙen?"

Na ce miya take dafawa.

"Randarta fa?"

Randarta ja ce, mai kaushi, ba ta taɓa kusantar ta da dutsen guga ba. Na faɗa masa haka. Ya gyaɗa kai, ya miƙo hannu ya ce in kawo hatimin.

Bai koma Yanbu ba sai da aikin ya ƙare. Ya zauna can nesa da ƙura, ina kawo masa kowane tulu ɗanye yana lalubawa da yatsu yana danna hatimin da kansa. Ranar gashi na wuni a bakin wuta da azumi, ina cusa rassan dabino, har na daina gani sosai, Rabi ta aiko da jiƙaƙƙen tawul na ɗora a ka. Ran sha uku aka hau da uku rufi, ya ɗora kunci, ya ce a kai. Baƙaƙen arba'in aka dawo da su a bayan mota. Ya ce ƙa'ida ba ta canza ba. Ni na farfasa su da guduma ɗaya bayan ɗaya, da shidan gwajin, har da na falon Dakta da na je na roƙo ya ba ni. Muka daka gutsattsarin muka yi yaɓen cikin tanderu da su.

Bayan sallah ya cika alkawarin taro. Dattawan unguwa suka zo, aka sha gahawa, aka yi addu'a. Ya ce su shaida ya ba ni daulab da tanderu da wuƙa da wurin gaba ɗaya, kuma hannuna ya fi nasa, ya fi na mahaifinsa. Sannan ya ciro hatimin ya nuna musu, ya mayar aljihu.

"Wannan zan tafi da shi. Ya taɓa faɗin abin da ban gani ba, ba zan bar shi a baya ba. Ya waladi, sassaƙa naka."

Na sassaƙa nawa da ƙashin raƙumi, ɗan reshen dabino mai ganye biyar. Shekarar farko manoman Badar suka zo, suka duba wuya, suka ga alamar da ba su sani ba, suka fara ƙwanƙwasa randunana kamar na kowa. Rabinsu ba su dawo ba. Sai da na koma yin asusu da kaskon turare ina kai wa masu kanti kafin gida ya tsaya. Baƙaƙen kaya kuwa ban daina yi ba, kuma yanzu su ne baƙi masu ziyara suka fi saye, don ajiye furanni da turare. Kowanne sai na faɗa wa mai shi ba na ruwa ba ne, ko bai tambaya ba. Mu'allim ya rasu a Yanbu bayan shekara biyu. Na je jana'iza, ban tambayi 'ya'yansa inda hatimin yake ba.

Hajja Maimuna azumi uku ta yi tana aikawa Makka a kawo mata tuluna, rabi suna fashewa a hanya. Duk tsakiyar Sha'aban ina taka yumɓun dauraƙ arba'in in ajiye, ba a aiko ba, in mayar da shi asusu. A shekara ta huɗu direbanta ya zo ya ce a ba shi guda ɗaya, fari. Na bar shi ya zaɓa da kansa. Daga baya ya gaya mini da sanda ta hau benen gidanta, ita da ba ta hawa, ta zauna da tulun daga azahar zuwa la'asar. Washegari ta ce in zo.

Na tsaya a bakin labule na gaishe ta. Ta tambayi Rabi da yara, ta yi wa Mu'allim addu'a. Sannan ta ce arba'in take so, kada su wuce daren ganin wata. Na ce in sha Allahu. Har na juya sai ta kira ni.

"Wannan reshen dabinon da ke wuya, na wane ne?"

"Nawa ne, Khala."

"Kana hawa da su rufi da kanka?"

"Da kaina."

"To madalla. In ruwan ya yi ɗumi, yanzu na san ƙofar da zan buga."